Yadda Za Ka Kalli Taurari Daga Tsakar Gida Ko da Akwai Hazo da Hasken Gari

Da yawa daga cikin waɗanda suka sayi na'urar hangen nesa, ko aka yo musu tsarabarta daga waje, ba sa yin nisa da ita. Daren farko a kafa ta a tsakar gida, yara su yi dafifi, a kalli wata, a yi ta salati. Dare na biyu a nemi abin da aka saba gani a hotunan intanet, gajimaren taurari ja da shuɗi, sai a tarar da wani abu toka-toka da ƙyar ake gane shi. Nan take a yanke hukunci: ko dai na'urar jabu ce, ko kuma saman garinmu ba ta kallon taurari ba ce. A mayar da ita kwali a ɗora kan durowa.

Galibi na'urar ba ta da laifi. Ita kuma saman, gaskiya ne tana da matsala, amma matsalar kala uku ce, kuma kowace da abin da take ɓatawa da abin da take ƙyalewa. Wanda ya iya gane wacce ce ta zo masa a daren, ya san inda zai juya bakin na'urarsa.

Mataki na farko: gane ciwon daren

Kafin ka ɗauko komai, fita ka tsaya minti biyar kana duban sama da idonka.

Matsala ta farko ita ce hazo. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Wannan ƙurar tana dushe hasken taurari. Alamarta ita ce ka ga wata ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa, taurarin da ke kusa da ƙasa kuma sun ɓace. Gwaji mai sauƙi a lokacin sanyi shi ne ka nemi Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya. Ido lafiyayye a sama mai tsabta yakan ƙirga shida. In ka ga uku ko huɗu, da hazo. In ɗan dishi-dishi kawai ka gani, kada ka wahalar da kanka da neman abu mai raunin haske a daren.

Ta biyu hasken gari: fitilun titi, na gidajen mai, na shaguna, da fitilun sola da suka cika unguwanni yanzu, waɗanda ko an ɗauke wuta ba ruwansu. Hasken yana tashi sama ya bugi ƙura da hayaƙin janareto ya dawo, sama ta yi fari-fari. Shi ya sa hazo da hasken gari in suka haɗu abin yake muni, ɗaya na ƙara wa ɗaya ƙarfi. Masu wannan harka suna auna duhun sama da ma'aunin da John Bortle ya fitar a 2001, daga 1 zuwa 9. Tsakiyar babban birni irin Kano tana can ƙarshen ma'aunin, ƙauyen da ba lantarki kuma yana kusa da farkonsa.

Ta uku ita ce wadda sababbin shiga ba su san da ita ba, alhali ita ce ke hana ganin duniyoyi da kyau: rawar iska. Ka san yadda iska ke rawa a saman kwalta da tsakar rana? Haka take yi a sama duk inda iska mai zafi ta haɗu da mai sanyi, na'ura kuma tana ƙara girman rawar kamar yadda take ƙara girman abin kallon. Alamarta taurari su riƙa ƙyalƙyali da ƙarfi, har waɗanda ke saman kai. In suna tsaye cak, haskensu bai cika motsi ba, iska ta kwanta.

Ga abin da ya kamata ka riƙe. Hazo da hasken gari suna kashe abubuwa masu raunin haske ne kawai, ba su iya komai da wata da duniyoyin Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn). Rawar iska kuwa tana ɓata wata da duniyoyi, amma ba ta damun tarin taurari da ake kallo da ƙaramin girma. Sau da yawa ma daren da hazo ya ɗan lulluɓe gari, iska ba ta kaɗawa, shi ne daren da Mushtari ke fitowa tsaf. Daren da aka ɗauke ruwan sama, sama ta wanke taurari suna walƙiya, yana iya zama daren da Zuhal ke ta rawa a cikin gilashi ba ka ga komai a jikinsa ba.

Mataki na biyu: zaɓi wurin tsayawa

Kowa yakan so hawa saman bene, ni kuwa ba na ba da wannan shawarar da farkon dare. Dakalin siminti da rufin kwano suna shan rana yini guda, da dare su riƙa fitar da zafin, kai kuma kana kallo ta cikin wannan zafin. Ƙasa zalla ko ciyawa ta fi. In tsakar gidanka siminti ce, yayyafa mata ruwa da la'asar ta huce. Kada ka saita na'ura ta bi ta saman rufin maƙwabci daf da kwanon, ko saman kicin, ko inda janareto ke aiki.

Katangar gidajenmu tana da amfani a nan: tana tare hasken titi. Nemi lungun da ba fitilar da ke dukan idonka kai tsaye. In akwai wadda ta ƙi, ɗaura igiyar shanya ka rataya bargo ko tabarma tsakaninku. Hasken da ke shiga ido kai tsaye ya fi na sama illa, kuma shi ne kake da iko da shi.

Kada ka damu da katangar ta rufe maka ƙasan sama, domin can ba wurin kallo ba ne. Miƙe hannunka ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen ya kai kusan digiri 10. Abin da ke digiri 30 daga ƙasa, wato dunƙule uku, haskensa na ratso iska ninki biyu na wanda ke saman kai. A digiri 10 ya haura ninki biyar, duk da ƙurar da ke ciki. Saboda haka ka jira abin kallonka ya hau. A nan Allah ya ba mu abin da Turawa ba su da shi. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka hanyar da wata da duniyoyi ke bi tana ratsawa kusa da saman kanmu. A shekarun da Zuhal bai kai digiri 20 daga ƙasa a Landan ba, a Kano yana haura 50.

Wani abu da littattafan waje ba za su faɗa maka ba: dogon bututu a kan ƙafa uku cikin dare yana iya tayar da hankalin jama'a, musamman a wannan yanayi na tsaro. Ga kuma gidajen matan aure a kewaye. In za ka fita waje ko ka hau bene, sanar da maƙwabta da 'yan sintiri tun da rana. "Baba, wata nake kallo da wannan, in an yi isha'i ku zo ku gani" ta isa ta kashe zargi, kuma yawanci sukan zo. Kada bakin na'urarka ya taɓa sauka saitin gidan wani. Fitilar leza kore da ake nuna taurari da ita kuwa, ka bar ta in kana kusa da filin jirgi.

Mataki na uku: shirya na'urar tun da sauran rana

A jikin bututun akwai 'yar ƙaramar na'urar saiti. In ba ta dace da babbar ba, za ka kwana kana lalube. Da la'asar sakaliya ka sa gilashin ido, wato ɗan gilashin na'urar da ake ɗora ido a kai a leƙa, mai lamba mafi girma, ka nemi kan hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis mai nisa, ka kawo shi tsakiyar babbar na'ura. Sannan ka murɗa ƙusoshin 'yar saitin har ita ma ta nuna wurin daidai.

A wannan aikin ka juya wa rana baya. Kallon rana ta cikin na'ura na ƙona ido cikin ƙiftawa, kuma ba ya warkewa. Wasu na'urori masu araha suna zuwa da ɗan baƙin gilashi da ake ɗaurawa a gilashin ido wai don kallon rana. Jefar da shi, zafi na iya fasa shi idonka na kai. Kada ka bar na'ura a kafe da rana inda yara suke. Mai neman jinjirin wata ma sai rana ta faɗi gaba ɗaya zai fara lalube a yamma.

Bayan magariba ka fito da ita ta sha iska minti 30 zuwa awa ɗaya, musamman mai madubi a ciki. In ta fito daga ɗaki mai zafi, iskar cikin bututun da kanta za ta riƙa rawa. A hunturu bar murfin a kai, ka kwantar da bakin, don kada ƙura ta sauka.

In ƙafafunta na karkarwa, kada ka zare su duka, kuma ka rataya jarkar ruwa ko jakar yashi a tsakiyarsu. Masu na'urar da ake saita ta da tauraron arewa za su tarar yana ƙasa-ƙasa a wajenmu, hazo ko katanga sun rufe shi. Ba sai ka gan shi ba. Sa ma'aunin da ke gindinta a lambar garinku, 12 a Kano, 11 a Zariya, 13 a Sakkwato, ka fuskantar da ita arewa da kamfas ɗin waya. Don kallo da ido wannan ya wadatar.

Mataki na huɗu: ido

Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe sosai, kallon allon waya sau ɗaya kuma ya mayar da kai baya. Manhajar Stellarium kyauta ce, tana nuna abin da ke sama a garinku a kowane lokaci, kuma tana da jan haske na dare. Kunna shi, ka rage hasken wayar har ƙasa. Tocila ma ka ɗaure mata jar leda.

Yafa baƙin ƙyalle ko rawani ka rufe kanka da gilashin idon gaba ɗaya. Abin dariya ne a gani, amma bambancin da yake kawowa ya fi na wasu kayan da ake saya da tsada. Naɗe kwali ka shafa masa baƙin fenti a ciki, ka zura a bakin bututun ya ɗan zarce: yana tare hasken gefe, da damina kuma yana hana raɓa sauka a gilashi.

Abu mai raunin haske ba a kallonsa ido cikin ido. Kawar da idonka kaɗan gefe, hankalinka na kansa, sai ka ga ya fito, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa jin haske mai rauni. Ka kuma zauna a kujera. Mai tsaye a sunkuye jikinsa na rawa, ba ya daɗewa.

Mataki na biyar: girma

A nan ake yawan yaudarar masu saye. Kwalin da aka rubuta wa "525x" a jikin na'ura mai bakin milimita 60 ƙarya yake yi. Iyakar girman da ke da amfani shi ne faɗin bakin na'urar a milimita sau biyu: mai 70 ta tsaya a 140, mai 130 a 260. Wannan ma sai a daren da iska ta kwanta. A yawancin darare, 100 zuwa 150 ne abin da sama za ta yarda da shi, komai girman na'urarka.

Lissafin ba wuya. A jikin bututun an rubuta nisan da yake tattara haske, a ce 650. Raba shi da lambar gilashin ido. Mai 25 ya ba ka 26, mai 10 ya ba ka 65, in ka ƙara gilashin Barlow mai ninkawa biyu ya zama 130. Kullum fara da mai 25. Samo abin, kawo shi tsakiya, daidaita shi ya fito sarai, sannan ka hau. Da ka ga hoton ya yi girma amma ya yi laushi, ba wani sabon abu da ya bayyana, koma baya mataki ɗaya. Ƙaramin Mushtari mai kaifi ya fi babba mai dishi-dishi.

Duniya na juyawa digiri 15 a awa, saboda haka a girma 130 abin kallo zai ratsa gilashin ya fice cikin ƙasa da minti biyu. Ajiye shi a gefen da yake shigowa, ka saki na'urar, ka bar shi ya ratso da kansa.

Mataki na shida: abin kallo gwargwadon daren

Daren hazo ko tsakiyar gari, wata ne na farko, kuma lissafin watan Musulunci shi ne jadawalinka. Daren 14 da 15 ba su da daɗi a na'ura: rana na dukansa gaba da gaba, ba inuwa, sai farin haske mai kashe ido. Daga 4 zuwa 11 ga wata ne lokacinsa. Bi layin da ya raba haske da duhu, inda inuwar duwatsu ke da tsawo. Wajen 7 zuwa 8 za ka ga jerin duwatsun Apennine sun yi baka. Kwana ɗaya ko biyu bayan haka ramin Clavius zai fito a kudu, da ƙananan ramuka jere a cikinsa, sai Copernicus mai faɗin kilomita 93, bangonsa hawa-hawa, da 'yan tsaunuka a tsakiya. In ka tsaya awa ɗaya a kan layin, za ka ga kan wani dutse ya kama haske shi kaɗai a cikin duhu kafin rana ta iso gindinsa.

Mushtari ko a girma 26 zai nuna maka watanninsa huɗu da Galileo ya gani a 1610, jere kamar ɗigo, gobe kuma ka tarar sun sauya wuri. A 65 zuwa sama ratsi biyu masu duhu za su bayyana a jikinsa. A nan haƙuri ke aiki. Ɗora ido ka zauna minti goma. Hoton zai yi ta rawa, can sai iska ta tsaya na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ratsin su fito da kaifi har ka ga gefensu ba miƙaƙƙe ba ne, sannan ya sake dagulewa. Waɗannan 'yan daƙiƙun su ne kallon. Wanda ya leƙa ya ɗaga kai ba zai taɓa cin karo da su ba. Da yake yana juyawa a ƙasa da awa 10, fuskar da ka gani bayan isha'i ba ita za ka gani da tsakar dare ba.

Zoben Zuhal yana fitowa tun daga girma 30 zuwa 40. A Maris 2025 zoben ya juyo mana da kaifinsa har ya kusa ɓacewa, daga nan yake sake buɗewa a hankali zuwa wajen 2032. Shi ne abin da za ka nuna wa baƙo. Yaro zai leƙa, ya zagayo ya duba bakin bututun, ya ce, "Kawu, ba hoto ka liƙa a ciki ba?" Zara kuwa tana yin jinjiri da rabi kamar wata, kuma ta fi kyau tun sama ba ta gama duhu ba. Mirriku (Mars) ƙarami ne ƙwarai, sai lokacin da ya matso kusa, kusan duk wata 26. Ya matso a Janairun 2025, sai kuma Fabrairun 2027.

Taurari tagwaye ma ba ruwansu da hasken gari. Albireo, wanda ke sama da daddare daga damina zuwa kaka, ɗaya ruwan zinariya ne ɗaya shuɗi. Mizar na arewa yana rabuwa biyu a ƙaramin girma.

Daren da sama ta wanke kuma ba wata, wato daga wajen 24 ga wata zuwa 2 ko 3 ga mai kamawa, shi ne na abubuwa masu nisa. Mafi kyawun lokaci a wajenmu shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba: ruwa ya wanke iska, ƙura ba ta iso ba. A lokacin ake neman Andromeda, wato wani babban garken taurari, wadda haskenta ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi. A gari tsakiyarta kawai za ka gani, ɗan farin tabo mai tsawo. Da sanyi, ƙasan taurari ukun nan da ke jere akwai gajimaren Orion, wanda yake jure hasken gari fiye da sauran, da taurari huɗu cure a tsakiyarsa. Surayya sai da ƙaramin girma, in ba haka ba ba za ta shiga gilashi ba. A Afrilu da Mayu, in ba ƙura, duba kudu: dunƙulen taurarin Omega Centauri yana hawa har digiri 30 a Kano, abin da mutanen Ingila ba sa gani sam. Da damina, duk daren da hadari ya yaye, wutsiyar burujin Kunama da kewayenta cike suke da tarin taurari.

Kada ka sa ran launi. Hotunan da kake gani kyamara ce ta tara haske na mintoci ko awoyi. Ido ba ya tarawa, toka-toka yake gani.

Batun gilashin tace haske da ake tallatawa: tsofaffin an yi su ne don fitilun titi masu ruwan lemo. Farar fitilar LED da ta sola suna fitar da haske kowane launi, ba abin da za a tace. Irin UHC da OIII suna taimakawa a gajimaren iskar gas kamar na Orion, amma ba sa ƙara wa Andromeda ko tarin taurari komai. A ganina kuɗinsu gara ka zuba mai ka je ƙauyenku a ƙarshen wata, in hanyar na da aminci. Game da fita da tsakar dare kuwa, bayan ƙarfe ɗaya zuwa asuba shaguna sun rufe, janareto sun yi shiru, rufin kwano ya huce. Wanda ya iya tashi awa ɗaya kafin kiran sallar farko zai ga sama daban da ta bayan isha'i. Sa takalmi rufaffe saboda kunama, da damina kuma ka yi shirin sauro.

Mataki na bakwai: bayan an gama

Ƙurar hunturu tana da kaifi, gilashin na'ura kuma akwai siririn shafi a kansa. Goge shi da gefen riga ko tsumma shi ne hanyar da ta fi saurin kashe na'ura, domin ƙura 'yar kaɗan ba ta rage gani, amma karce ba ya gyaruwa. In ta taru, fara hure ta da 'yar robar busa iska irin ta masu gyaran kyamara, ba da baki ba. Sai ka bi da buroshi mai laushi. Sai in akwai maiƙon yatsa ko na gashin ido za ka sa ruwan wanke gilashin kyamara a auduga, ka shafa sau ɗaya a hankali, ka sauya auduga. Babban madubin da ke ƙasan bututu kuwa, bar shi sai ya yi datti ƙwarai.

Daren da iska ke tashi da ƙura har kana jin ta a haƙora, kada ma ka buɗe murfin. Sauran darare, da ka gama ka rufe baki da gurbin gilashin ido, ka sa gilasan a robar abinci mai murfi, ka lulluɓe na'urar da zane. Da damina akasin haka za ka yi: in raɓa ta sauka, shigo da ita ka bar ta a buɗe ta bushe kafin ka rufe, domin danshin da aka kulle a ciki yana haifar da fumfuna mai cin shafin gilashi. Tara 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi da na magani, ka zuba a robar gilasan, ka riƙa shanya su a rana lokaci-lokaci.